Ɓurɓushin Tagulla a Garejin Yaya

Yayana mai gyaran jikin mota ne, kuma a duk mutanen da na sani babu wanda ya kai shi tsoron mota. Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara bakwai ya ba ni. Shagona na ɗinkin kujerun mota yana manne da garejinsa, bangon kwano ne kawai a tsakaninmu, ko atishawa ya yi sai na ji.

Da liƙin bokiti da gyaran ƙofar ƙarfe ya fara, a hannun wani tsohon mai walda da bakinsa bai san yabo ba. Daga nan ya koma jikin manyan motoci, sannan ƙanana. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar guduma, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsi. Idan aka jawo masa motar da ta yi hatsari, ba ya barin kowa ya taɓa ta sai ya share cikinta da kansa. A nan yake tsintar abubuwa: tabarau mai ido ɗaya, ɗankunne, wani lokaci takalmin jariri ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera. Yakan zuba su a leda ya ajiye wa masu motar. Amma ranar ba ya cin abincin rana, sai ya turo min kwanonsa ta ƙarƙashin bangon.

Shi ya sa idan ya hau sitiyari allura ba ta wuce sittin. Matarsa, wadda dukanmu muke kira Umma tun da yara suka taso, takan ce ta taɓa ganin mai keke ya wuce su, ya tsaya ya sha ruwa, ya sake wuce su. Yaya ba ya dariya. Sai dai ya ce, "Ke ba ki ga abin da nake gani ba."

To, wannan mutumin Allah ya ba wa 'ya mai tseren mota.

'Ya'yansa huɗu ne. Maza ukun babu wanda ya iya jure warin gareji, ɗaya malamin makaranta, ɗaya yana shagon magani, ɗaya tela. Mace ce ta ƙarshe, Auta, kuma ita ce ta ɗauko jinin ƙarfe. Tana da shekara ashirin da huɗu ta shiga ƙungiyar masu tseren motoci a kan hanyoyin turɓaya na bayan gari. Ranar da labarin ya iso kunnen Yaya, wata biyu ya yi ba ya amsa gaisuwarta da fiye da "lafiya". Da ya ga ba za ta fasa ba, ya kira ta gareji, ina jin su ta bango.

Ya ce, "Na ji, ki yi. Amma da sharaɗi ɗaya. Inji na bakanike ne, ba ruwana. Duk ƙarfen da ya kewaye jikinki, babu hannun da zai taɓa shi sai nawa."

Ta ce, "Baba, ai da ma wa zan kai wa?"

Motar tata ba irin wadda ake zuwa kasuwa da ita ba ce. Keji ne na bututun ƙarfe da aka ɗora wa inji da tayoyi huɗu, kujera ɗaya tak, babu darduma, babu rufi mai laushi. Tsakanin ƙafar direba da ƙasa, fallen ƙarfe ɗaya ne, wanda aka ɗaure a jikin firam da ƙusar ribit. Shekara uku tana tsere, shekara uku Yaya bai taɓa zuwa kallo ba. Ranar tsere yakan zauna a bakin gareji da guduma a cinya, ba ya buga komai, sai waya ta yi ƙara ta ce masa ta gama.

A tseren da ya gabaci wanda zan ba da labari, ta taso daga wani tudu ta dira a kan dutse. Dutsen ya farke ƙasan motar daga wajen birki har gindin kujera, kamar an buɗe gwangwani da wuƙa. Tafin takalminta na hagu ya tafi da shi. Ita tana ba da labarin tana dariya, tana ɗaga takalmin muna gani. Yaya ya durƙusa ya zura hannunsa cikin ramin har kafaɗa, ya fito da shi ta ƙasa, ya daɗe a haka. Da ya miƙe ya ce, "Kwana nawa ya rage kafin tsere na gaba?"

"Tara, Baba."

"A bar min ita."

Ya zaɓi fallen alminiyam wanda ya fi na dā kauri. Ranar farko aka ɗaga motar a kan ƙafafun ƙarfe, aka cire kujera. Ya bi tsofaffin ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana cinye kawunansu da injin huji, sittin da huɗu, har yagaggen fallen ya saki. Sannan ya ɗauki ƙaramar gudumarsa ya bi kowane bututu na firam yana ƙwanƙwasawa, ya karkata kai ya sa kunnen da ke ji. Bututun da ya tsage a ciki muryarsa daban take, in ji shi. Bai sami ko ɗaya ba, sai wasu kunnuwan ƙarfe guda biyu da suka lanƙwashe, irin ƙananan da aka liƙa a jikin firam don fallen ya zauna a kansu. Ya gasa su da wuta ya miƙar.

Kashegari ya aro almakashina ya yanka kwali daidai da ramin. Ya sa, ya cire, ya rage, ya sake sawa, ya fitar da gurbin sandar giya da na ƙafafun kujera. Sai da kwalin ya zauna ba tare da ya motsa ba, sannan ya shimfiɗa shi a kan fallen ya zagaye da alƙalami, ya yanka, ya lanƙwasa gefunan a kan katako da gudumar roba. Sau biyar yana shigar da fallen nan yana fito da shi, kowane karo ya ɗan goge wani gefe. Na ce masa, "Yaya, ko rigar amarya ba a gwada ta haka." Ya ce in koma kan kujeruna.

Ranar Laraba bakaniken ƙungiyar ya zo, wani dogon mutum mai sanyin magana da kowa ke kira Dogo. Dutsen ya kankare bututun birki, saboda haka ya sa sabo, siriri kamar tsinken tsintsiya biyu a haɗe, ja, na tagulla. Ya bi da shi ta jikin firam ɗin ƙasa, gefen hagu.

Ya ce, "Baba, ga shi nan ya bi ta ƙarƙashin kunnuwan nan. Idan za a huda, a ɗan kula."

Yaya ya kalle shi sama da ƙasa. "Kana ina lokacin da na fara huda ƙarfe?"

Dogo ya yi dariya ya ba da haƙuri. Amma na ga Yaya ya naɗa farin tef a bakin injin hujin, daidai zurfin da yake so, don kada ya zarce.

A nan ya kamata in faɗi abin da na daɗe ina gani ina kau da kai. Kusan shekara guda ke nan hannun damansa yana rawa. Da farko shayi ne ke zuba a kan wandonsa, ya ce kofin ne ya cika. Daga baya ya koma sa hannun a aljihu idan yana magana da mutane. Ya daina ɗaura agogo. Idan ya riƙe guduma yana bugu ba a gane komai, amma da zarar ya tsaya, sai yatsun su kama motsi kamar mai ƙirga abin da ba a gani. Na sani, Umma ta sani, kuma ba wanda ya iya buɗe baki. Mutumin da duk darajarsa a hannu take, ta ina za ka fara?

Ranar Alhamis da hantsi ya kira ni in danne masa fallen zai huda. Na shiga cikin kejin na durƙusa, na sa gwiwa da tafin hannu. Ya fara daga baya yana tahowa gaba, huji bayan huji, kowanne tef ya taɓa ƙarfe ya tsaya cak. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Na lura ya tallafe hannun dama da na hagu, ya kuma jingina gwiwar hannunsa a bututu. Muka wuce arba'in lafiya. A gefen hagu, daidai inda diddigen direba ke zama, injin ya huda ya faɗa ciki gaba ɗaya, har tef ɗin ya tattare ya hau sama. Wata 'yar ƙara na ji, siririya, daban da sauran.

Ya zare injin da sauri. Muka kalli juna.

Ya ce, "Bakin ne ya dakushe."

Na ce, "Haka ne."

Ya kwanta ya leƙa ta ƙasa da tocila, ya zura yatsa ya shafa bututun birkin daga inda yatsa ke kaiwa. A bushe yake. Saman bututun kuwa yana manne da kunnen ƙarfen, ba ya ganuwa sai an kwance shi, kuma kwance shi yana nufin a kira Dogo a gaya masa dalili. Yaya ya miƙe ya kakkaɓe bayansa, ya canja baki, ya ci gaba. Da la'asar ya bi ramukan da bindigar ribit yana matse ƙusoshi, ƙas, ƙas, har sittin da takwas, don ya ƙara huɗu a kan na dā. Ya toshe gefuna da baƙin gam saboda ƙura da ruwa. Ya hau kan fallen da ƙafa biyu ya yi tsalle. Ko ƙis bai yi ba.

Ranar Juma'a Dogo ya mayar da kujera, ya ɗaura farantin kariya mai kauri ta ƙasa, wanda ya rufe komai. Auta ta shiga ta taka birki sau uku, ta buga sabon ƙasan da diddige, ta ce, "Kai, Baba, wannan ko giwa ta taka." Yaya ya yi murmushi, hannunsa a aljihu. Da sassafe ranar Asabar Auta da Dogo suka ɗora motar a tirela suka tafi. Filin tseren tafiyar awa uku ce, kuma ƙarfe ɗaya za a fara sakin motoci.

Goma saura kwata ina sa zare a keken ɗinki na ji tsintsiya ta tsaya a garejin Yaya. Ba ƙara na ji ba, shirun ne ya dame ni. Can ya kira sunana da wata murya da ban taɓa ji a bakinsa ba.

Na same shi a tsugune a inda motar ta tsaya. Gabansa tarin ɓurɓushin alminiyam ne, fari fat kamar ɓawon kifi. Ya buɗe min tafin hannunsa. 'Yan ƙananan murɗaɗɗun ɓurɓushi ne guda uku, jajaye.

Ya ce, "Mene ne ja a jikin motar nan?"

Na zuba wa ɓurɓushin ido.

"Na ce maka mene ne na tagulla a jikin motar nan, in ba bututun birki ba?"

Na ce, "Wataƙila na Dogo ne, lokacin da ya yanka bututun."

"A kan benci ya yanka, can. Kuma yanka ba ya murɗewa haka. Bakin inji ne ke murɗa ƙarfe." Ya rufe hannun, ɗaya hannun yana kaɗawa a kan gwiwarsa, bai ko ɓoye shi ba. "Na ci shi. Ban huda ba, shi ya sa bai zubar da mai ba. Amma na ci bayansa. Idan ta taka da ƙarfi a kan gudu..."

Na kira Auta, waya ba ta shiga. Na kira Dogo, haka. Filin a cikin kwari yake, mun san babu layi a can. Na sake kira sau shida ina tsaye, kamar yawan kiran zai buɗe hanya.

Umma ta shigo da kwanon karin kumallon da ya manta a gida. Ta dube mu ta ajiye kwanon a kan taya.

"Me ya faru? Wani abu ya sami yarinyar?"

Yaya ya ce, "Babu komai. Wani ƙarfe suka manta, za mu kai musu."

Ta kalli hannunsa, ta kalle ni. "Shekara talatin da biyar ina aurenka, ba ka iya ƙarya ba. Ku tafi. Kada ku tsaya yi min bayani, ku tafi!"

Tsohuwar motata muka hau, ni ke tuƙi. Ya ƙulle ɓurɓushin a cikin hankici ya riƙe. Muna fita gari na ga allura ta kai tamanin, na ɗan ɗaga ƙafa saboda sabo. Ya ce, "Me kake yi? Taka." Na taka. Ɗari, ɗari da goma, ƙofofi suna kaɗawa, sitiyari yana rawa a hannuna. Ya dafe gaban motar da hannu biyu, idonsa a rufe, leɓɓansa suna motsi. Duk motar da ta taho ta wuce mu sai ya shaƙi numfashi ta haƙora.

Can ya fara magana, idon har yanzu a rufe.

"Na ji ƙarar. Kai ma ka ji."

"Na ji, Yaya."

"Na san ba dakushewa ba ce. Na sani a lokacin. Amma in na kira Dogo na ce hannuna ya kuɓuce, gobe ya gaya mata, jibi gari ya ɗauka. Sai na shafa da yatsa na ce ai a bushe yake." Ya buɗe ido ya kalli hannun. "Na sa ƙusa na rufe. A ƙarƙashin ƙafar 'yata."

Na ce, "Ni ma ai na ce haka ne. Laifin namu ne mu biyu."

"Kai tela ne," in ji shi. "Me ka sani?"

Ko a wannan halin sai da ya zage ni, kuma wallahi na ji daɗin zagin.

Sha ɗaya da rabi muka iske layin motoci a bakin wata gada. Babbar mota ce ta mutu a tsakiya, ana wucewa ɗaya-ɗaya ta gefe. Minti talatin da biyar muka yi a wurin. Yaya ya fita ya shiga ya fi sau goma. Ya je har wurin masu ba da hannu yana roƙo, mutumin da bai taɓa roƙon kowa komai ba, ya ce musu rai ne a gaba. Suka ce kowa a layin nan haka yake cewa. Na zauna ina kallon agogon mota, kuma abin da ya yi ta zuwa min shi ne wata kwana da Auta ta taɓa kwatanta mana, mai gangara, da rami a gefen dama, inda ta ce mutum yana tsayawa a kan birki da duk nauyinsa. Na yi ta ƙoƙarin tuna ko a wannan filin take. Na kasa.

Ɗaya da minti ashirin muka gangara kwarin. Tun daga nesa muka hango ƙura ta miƙe kamar igiya, ga ƙugin inji. An fara. Mai gadin ƙofa ya ce motar da ba ta da takarda ba ta shiga. Muka bar ta a nan, ƙofa a buɗe, muka sa gudu. Ni mai shekara hamsin da huɗu, shi sittin da ɗaya, takalminsa ɗaya ya fita bai waiwaya ba.

Ana sakin motocin ne ɗaya bayan ɗaya, minti biyu a tsakani. Lambar Auta sha bakwai. Da muka ratsa 'yan kallo, mai tuta yana sakin lamba sha biyar. Sha shida ta matsa kan layi. A bayanta ga tamu, injin yana kuka, Auta a ɗaure cikin bel, hular kwano a kanta, ba a ganin komai sai ido.

Yaya ya tsallake igiyar da aka tare mutane da ita, ya je ya tsaya a gaban motar, ya ɗora tafukansa biyu a kan hancinta. Ma'aikata suka yo kansa suna ihu. Wani ya kama rigarsa ta baya. Bai saki ba. Numfashi ya hana shi magana, sai girgiza kai yake yi. Auta ta kashe injin, ta ɗaga gilashin hular.

"Baba? Me ya faru? Umma ce?"

"Sauko."

"Baba, saura minti biyu a sake ni."

"Na ce ki sauko. Ba za ki tafi a motar nan ba."

Dogo ya iso da gudu. Aka tura motar gefe, lamba sha takwas ta maye gurbinta. Mutane suka kewaye mu. Yaya ya kwance hankicin, sai dai hannun ya ƙi tsayawa, ɓurɓushin yana tsalle a kai, sai da Dogo ya riƙe wuyan hannun kafin ya iya gani.

Dogo ya ce, "Baba, da safen nan na duba birki. Mai bai ragu ba, ko ɗigo."

"Cire farantin."

Aka kafa jak, Dogo ya shiga ƙasa da sifana. Ƙusoshi takwas ne, kowanne kamar shekara. Auta ta cire hula tana tsaye, ta harɗe hannuwa, tana kallon motoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Farantin ya sauko. Dogo ya haska, ya shafa, ya ce, "A bushe yake." Na ji wani a bayana yana cewa tsohon ya ruɗe ne kawai, tsoro ne. Kuma ni kaina, Allah ya sani, na fara addu'ar ya zama hakan ne, mu sha kunya mu koma gida.

Yaya ya ce, "Kwance maƙalin bututun, ka jawo shi ƙasa, ka dubi samansa."

Dogo ya yi. Sannan ya ce, a hankali, "Akwai ɗan tabo. Yana ƙyalli. Kamar ƙwayar gero."

Yaya ya ce, "Auta, shiga ki taka."

Ta shiga ta taka. Babu abin da ya faru.

"Ba haka ba. Taka kamar kin ga rami a gabanki."

Ta riƙe sitiyari, ta jingina baya, ta tura ƙafa da dukan ƙarfinta. Aka ji ɗan "tsit", mai ya yi tsartuwa siriri ya bugi ƙirjin Dogo, ƙafarta ta tafi har ƙasa ta bugi sabon fallen. Ta sake takawa. Babu komai a ƙarƙashin ƙafar, kamar ta taka iska.

Dogo ya fito yana share wuya, ya ce, "Birkin gaba ne. A kwana ta uku ta hanyar za ta neme shi." Na zauna a ƙasa a cikin ƙura.

Auta ta daɗe a cikin motar, hannuwanta a kan sitiyari. Da ta fito, ta zo gaban uban.

"Yaya aka yi, Baba?"

Yana iya cewa bakin inji ne. Dogo ma ya buɗe baki zai rufa masa. Amma Yaya ya ɗaga hannun damansa a gaban mutanen nan duka, ya miƙa shi, ya bar shi yana rawa.

Ta kalli hannun. "Tun yaushe?"

"Shekara."

Ta juyo gare ni. "Baffa, ka sani?"

Na sunkuyar da kai.

"Umma ma?"

"Ita ma."

"Kowa ya sani sai ni da nake zaune a kai." Ta juya ta tafi bayan tirela, muna jin ta tana amai.

Ba ta yi tsere ranar ba. A hanyar dawowa ta shiga motata ta zauna a baya, ita da uban. Na leƙa madubi sau ɗaya, na ga ta kama hannun ta danne shi a kan cinyarta da hannu biyu, tana kallon waje. Har muka iso gida ba ta saki ba, kuma ba ta yi masa magana ba.

Fushin ya kai mako uku. Ba bututun ne ya ci mata rai ba, ta faɗa wa Umma, ɓoyewar ce. Ita ce kuma ta kai shi asibiti da kanta, ta zauna a gaban likita tana amsa tambayoyin da shi yake kaucewa. Aka ce ciwon jijiya ne irin na girma, ba ya warkewa, amma magani yana rage shi. Yana sha safe da yamma. Wasu ranaku hannun yakan lafa har ya iya sa maɓallin riga, wasu ranaku a'a.

Yaya bai rufe gareji ba. Yana auna, yana zana kwali, yana ƙwanƙwasa bututu yana saurare, kuma har yau babu wanda ya fi shi sanin inda ƙarfe zai lanƙwashe. Injin huji da na walda ne ya ajiye, da kansa, ba wanda ya ce masa. Dogo ya sake bi da bututun birkin ta cikin mota, a fili, inda ido ke ganinsa daga farko har ƙarshe. Auta ta koma tsere bayan wata biyu. Ni dai tun ranar ba na iya kallon ta tana shiga motar.

Yanzu huji ya dawo kaina, tela mai furfura. Yaya yana zaune a kan kujera a bayana, yana nuna min wuri da sanda. Jiya na karya bakin inji biyu kafin azahar. Ya ce in tashi in je in yi ɗinkina, in dawo idan hankalina ya dawo jikina, kuma in taho masa da shayi, rabin kofi.